Gato ba ƙwai, ba madara: musayar baitoci daga Maraɗi

Ɗan Gulbi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya Asabar bayan la'asar na kai autata wani sabon gidan kafe a unguwar Zariya. Shekarunta 7, kuma tun tana goye ƙwai da madarar shanu ba sa yi da jikinta, da ta ci sai ƙuraje da kumburin leɓe. A wurin akwai wata baiwar Allah mai gasa gato ba da su ba. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Bismillahi da shi na fara,
Sarki mai ciyar da kowa.

Jiya na riƙe hannun auta,
Muka shiga gidan gahawa.

Ƙamshi ya tarbe mu a ƙofa,
Tun kan mu kai ga zaunawa.

Cikin gilashi gato jere,
Ja da baƙi, abin sha'awa.

Auta ta sunkuyar da kanta,
Ta saba gani da ƙyalewa.

Bikin suna, bikin lakwal,
Yawu kaɗai take haɗiyewa.

Mai gashin ta ce, "Matso ɗiyata,
Wannan naki ne, ba cutarwa.

Ba ƙwai ciki, babu madara,
Ba man shanu wurin kwaɓawa.

Ayaba nunanna na dame,
Ita ke riƙe shi da haɗewa.

Man gyaɗa namu na Maraɗi,
Ruwan aya wurin jiƙawa."

Auta ta gutsura ta dube ni,
Ta ce, "Baba, ba a hanawa?"

Na ce ci, na kau da fuska,
Don hawaye na ta zubowa.

Ta kwana lafiya lau har safe,
Ba kumburi, babu sosawa.

Inna mai ƙosai ta Bagalam

Jikata ke rubuta min. Barka ɗana, Allah ya raya auta.

Ɗana na ji, na taya ka murna,
Allah bai manta da auta ba.

Sai dai wannan da kake wa waƙa,
A gidanmu bai zama baƙo ba.

Wake nake jiƙa da asuba,
In wanke, ban bar ɓawo ba.

In kai inji, in buga da hannu,
Har ya tashi, ban sa ƙwai ba.

Ƙosai ke nan, ya kumbura a mai,
Madara ba ta san hanyarsa ba.

Ƙuli-ƙuli tunkuza ce zalla,
Dakuwa aya ce, ba nono ba.

Kantun riɗi, awarar waken suya,
Wane ne a Maraɗi bai ci ba?

Kakata ta soya a tsohon gari,
Tun gulbi bai ci gidaje ba.

Na dala goma yaro ya yi shiru,
Ba mu raɗa masa sunan Bature ba.

Ambaliyar 1945 nake nufi, wadda ta sa aka tashi gari daga bakin gulbi aka hau tudu. Kaskon da ta hau da shi a ka, har yau da shi nake suya.

Malamin Mokoyo

Ni tambaya gare ni, ba faɗa ba. Lalurar yarinya daban, Allah ya ba ta lafiya. Amma na ji yara na kiran irin wannan abinci "began", wai na masu ƙin duk abin da ya fito daga jikin dabba.

Na ji batun, na yi ta tunani,
Ku ba ni amsa ta gaskiya.

Nono Allah ya halatta,
Har ya ambace shi cikin aya.

Zuma ya ce akwai waraka ciki,
Suratun Nahli, ku bibiya.

Garinmu da me duniya ta san shi?
Gyaɗa da fatar jar akuya.

Ita ke ba maraya nono,
Ta haifi tagwaye da lafiya.

Ƴar ruga ta kawo kindirmo,
Mu dama fura cikin ƙwarya.

In yaranmu suka koyi ƙin su,
Me za mu ce wa makiyaya?

Ɗalibar noma

Allah ya gafarta Malam. Ina karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma na san gidan kafen. Kalmar daga Ingila ta fito, a 1944, lokacin da Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar masu barin nama da ƙwai da madara saboda tausayin dabbobi.

Allah gafarta Malam, na ji,
Halal dai ba mai haramta shi.

Mai bari don tausayin dabba,
Ra'ayinsa ne, shi ya ɗauke shi.

Mai bari don jikinsa ya ƙi,
Lalura ce, sai a duba shi.

Mai gaton ba ta ce nono haramun ba,
Mai so a kafe tana ba shi.

Kwanon gato daban ta ware,
Cokalin madara bai taɓa shi.

Buhun aya daga Cadawa,
Ɗanye muke ta fitar da shi.

In an tace an gasa a gida,
Manomi ne zai ji daɗin shi.

Na tsaya na ga yadda take yi. Tana jiƙa aya ta kwana, ta niƙa, ta tace da farin ƙyalle. Sai ta zuba ruwan tsamiya kaɗan a kwaɓin da ke da bikarbonat. Da tsamin ya same shi sai kumfa ta taso, iskar nan ce ke ɗaga gaton a cikin tanda. Shi ya sa ba ta barin kwaɓin ya jira, tana haɗawa take sakawa a wuta.

Direban hanyar Ɗan Isa

Ni ma na je, ba zan ɓoye ba,
Ran da na dawo cikin gari.

Yanka guda kamar tafin yaro,
Suka ce in kawo dala ɗari.

Kafe ɗan kofi, baƙi ƙirin,
Ɗaci, sai da na ƙara sukari.

Wurin mai shayinmu a tasha,
Da wannan kuɗin har da ƙari.

Daɗi kam ya yi, ba na musu,
Riɗi a samansa fari-fari.

Amma mai yara goma a gida,
Ya kai su ne, ko su yi haƙuri?

Ɗan Gulbi

Na gode muku duka. Bari in bi ku ɗaya bayan ɗaya.

Inna, gaskiyarki, ƙosanki
Shi ya raini auta tun yayewa.

Sai dai yaro in ana yanka gato,
Ba kaskon ƙosai yake dubawa.

So yake a miƙo masa nasa,
Ya ci tare da ƙawaye, ba warewa.

Malam, akuyarmu tana turke,
Yayyen auta fura suke damawa.

Ban ƙi nono ba, ban ƙi zuma ba,
Ɗiyata nake ta karewa.

Direba, kuɗin akwai nauyi,
Gahawa ba mu ne ke nomawa.

Asalinta can ƙasar Habasha,
Tamu daga Kwaddibuwa take zuwa.

Fulawa ma baƙuwa ce a nan,
Jirgin ruwa ke fara kawowa.

Ba zan iya kullum ba, na sani,
Sau ɗaya a wata nake iyawa.

Karatunta na izu ya kusa,
Na ba da na babba don gasawa.

Malamin Mokoyo

Na gamsu, ɗiyata ɗaliba, Allah ya yi albarka. Ɗan Gulbi, ranar walimar a sanar da ni, zan zo in yi mata addu'a, in ɗanɗana.

Inna mai ƙosai ta Bagalam

Ɗaliba, kumfar da kika faɗa,
Kanwa da tsamiya ba su ɓoye min ba.

In fulawa ce ke sa tsada,
Rumbunmu bai rasa gero ba.

Rabi fulawa, rabi garin gero,
Ko ta gwada? Ni ban sani ba.

Ɗana, ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka biyo ta Bagalam da auta, ka ɗauke ni a babur mu je in ga yarinyar nan da idona. Zan riƙo tiya ɗaya ta gero, na riga na surfe, da dakuwar da na kirɓa jiya.