Yaya matasan Washinton suka tsayar da kiɗan pank ba tare da kamfani ba?

Sani_Garwa:
Assalamu alaikum. Samari a nan Garwa sun fara jin pank, wani salon kiɗa mai sauri da ƙara, a waya, suna cewa a Washinton matasa ne suka riƙe harkar da hannunsu. Masana, yaya aka yi? Kuɗin daga ina?

Malam_Buba_Marwa:
Wa alaikumus salam, Sani. Tushen abin Bad Brains ne, baƙaƙen fata huɗu da suka fara da kiɗan jaz kafin su koma pank a ƙarshen shekarun 1970. Saurin kiɗansu ne ya ja 'yan sakandare. A 1980 ƙungiyar Teen Idles ta watse da dala 600 a asusunta. Maimakon a raba, 'yan ƙungiyar Ian MacKaye da Jeff Nelson suka buga faifai da kuɗin, suka sa wa harkar buga faifan tasu suna Dischord. An ɗauki sautin a sutudiyon Inner Ear, a gidan mai shi Don Zientara da ke Arlington kusa da Washinton, da na'ura mai layi huɗu kacal. Ƙaramin faifai ne mai inci 7, guda 1,000. Kwalin kuwa, sun kwance na wani faifan suka ga yadda aka naɗe shi, suka kai zanensu maɗaba'a, sannan suka zauna da almakashi da gam suna yanka, suna naɗewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya shigo sai a zuba shi a faifan wata ƙungiyar.

Hajara_Njamena:
Malam, a ƙara da maganar wurin wasa, don nan ne gizo ke saƙa. A lokacin yawancin wuraren mashaya ne, ba a barin wanda bai kai 18 ba ya shiga, alhali makaɗan kansu yara ne. A San Faransisko Teen Idles suka ga dabara: a zana wa yaro babban X a bayan hannu, mai sayar da giya ya gani ya hana shi. Suka kawo ta gidan 9:30 Club a titin F na Washinton, aka yarda. Sauran wasannin a zauren coci da ɗakunan taron unguwa ake yi.

Ɗanladi_Ngaundare:
Gaskiya ne, yaya Hajara. Abu biyu ne suka so karya matasan. Na farko dillalai: su karɓi faifai bashi, su yi watanni ba su biya ba, kaya ya ƙare a kasuwa babu kuɗin sake bugawa. Sai da kamfanin Southern Studios na Landan ya shigo da jari aka numfasa. Na biyu ya fi ciwo. Wajen 1984 rawar ture-ture ta zama dambe, 'yan tasha suka cika gaban dandamali, mata da ƙananan yara suka ja baya. Shi ya sa a 1985 'yan ƙungiyar Rites of Spring da abokansu suka sauya salo, aka rage hargitsi. Ƙungiyar Fugazi, da ta fara wasa a 1987, ta tsayar da kuɗin ƙofa a dala 5, babba da yaro. Wanda ya ɗaga hannu kan wani, a dakatar da kiɗa, a miƙa masa dalarsa biyar a ambulan, a raka shi ƙofa.