Ƙanƙarar Ta'if da motar da ke kwana a waje

A majalisarmu bayan Isha, direbobinmu na Ta'if sun yi ta musu kan yadda za a kare mota daga ruwan ƙanƙara, ga abin da na tsinta. Siririyar rigar mota ƙura da rana kawai take tarewa. Mai soso a ciki ake so, mai kauri. In babu, a shimfiɗa barguna biyu kan rufin mota da bonet, a ɗora kafet ɗin ƙafa kan gilashi.

Inda suka fi daɗewa shi ne ɗauri. Iska ke riga ƙanƙara isowa, wani dattijo ya ce bargonsa a soron maƙwabci ya tsince shi, shi ya sa yanzu yake zagayo da igiya ta ƙarƙashin mota. A kakkaɓe yashi tukuna, kada ya kankare fenti. Kuma kar a fake a cikin kwari, ambaliya ta fi ƙanƙara ɓarna.