Kuɗin BHCPF na asibitin mazaɓa: nawa ke shigowa, kuma ta ina ake bin sawunsu?

Ɗan Mazaɓa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masu sani su fitar da mu daga duhu. Asibitin mazaɓarmu yana cikin waɗanda aka ce suna karɓar kuɗin BHCPF, wato asusun gwamnatin tarayya na kula da lafiya a matakin farko, har allo aka kafa a bakin ƙofa. A watan Oktoban 2025 mun ji Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da sakin naira biliyan 32.9, yana kira ga jama'a da su sa ido a kan asibitocinsu. To amma har yau mace in ta je awo sai ta yanki kati da kuɗinta, ranar haihuwa kuma a miƙa wa mijinta 'yar takarda: safar hannu, sirinji, auduga, allurar tsayar da jini, a ce ya ruga kemis. Nawa ne ainihin abin da ke shigowa asibiti irin wannan? Wa ke sa hannu a cire shi? Me ya kamata ya zama kyauta? Kuma wace takarda za mu nema mu gani, ba tare da mun ɗora wa kowa laifin da ba mu tabbatar ba?

Mai Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko, kuɗin nan ba ta hanya ɗaya suke zuwa asibiti ba, kuma rashin rarrabe hanyoyin shi ke sa a yi ta cacar baki a banza.

Asusun ya samo asali ne daga Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 11, wanda ya ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, naira biliyan 55.1. Dokar ta raba shi uku: rabi ga inshorar lafiya, kashi 45 ga hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, wato NPHCDA, kashi 5 ga agajin gaggawa. Daga baya aka ɗan yanko kashi 1.25 daga na inshora aka bai wa NCDC mai yaƙi da annoba. Biyun farko su ne suka shafe ku.

Hanya ta ɗaya ita ce kuɗin gudanarwa. Suna tasowa daga NPHCDA zuwa asusun hukumar lafiya matakin farko ta jiha, daga nan su faɗa asusun banki na asibitin kai tsaye, duk wata uku. Shekaru da dama adadin naira 300,750 ne a kowace kwata, wato dubu ɗari da 'yan kai a wata. A sabon tsarin da ake kira BHCPF 2.0 an ɗaga shi zuwa 600,000 ga asibitin da ba shi da cunkoso, 800,000 ga mai yawan marasa lafiya. Da su ake sayen magani da kayan aiki, a yi ƙananan gyare-gyare, a biya ruwa da wuta, a zuba mai a babur don ɗauko riga-kafi da fita ƙauyuka. Ba na albashin ma'aikatan gwamnati ba ne, ba kuma na gina sabon ɗaki ba.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin kai. Waɗannan daga hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, suke zuwa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa, ita kuma ta biya asibiti gwargwadon yawan mutanen da aka yi wa rajista a cikinsa. Farashin da aka daɗe ana aiki da shi a baya naira 570 ne a kan kowane mutum a wata, daga cikin 12,000 da ake ware masa a shekara. A misali, a wancan farashin, asibiti mai mutum 300 a rajista zai samu 171,000 a wata, ko sun zo ko ba su zo ba.

Ka ga ke nan biliyan 32.9 ɗin da ka ji na ƙasa ne baki ɗaya, za a raba wa jihohi 36 da Abuja da asibitoci fiye da 8,000. Abin da zai iso ƙofarku 'yan dubbai ne. Ƙanƙantarsa ce ma ta sa bin sawunsa ke da sauƙi, domin duk abin da ya shiga da wanda ya fita bai wuce shafi biyu na takardar banki ba. Masu sa hannu a asusun kuwa mutum biyu ne: shugaban asibitin, wanda aka fi sani da incaji, da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, WDC. Wato ɗan unguwarku ne na biyun. Kafin a taɓa kobo sai sun tsara abin da za a yi a kwatar a rubuce an amince, bayan an kashe kuma su haɗa rasiɗai su mayar, abin da ma'aikata ke kira ritaya. Asibitin da bai yi ritayar kwatar baya ba ana iya riƙe masa ta gaba, kuma wannan na daga cikin manyan dalilan da ke sa a ji an ce "kuɗi ba su zo ba".

Uwar Awo ta amsa:

Malam Mai Lissafi ya kawo lissafin sama, bari in shiga cikin asibitin.

Ƙanena, allon da ke bakin ƙofa ba ya nufin kowa kyauta ne. Wanda ke da cikakken haƙƙin a duba shi a ba shi magani ba ko sisi shi ne wanda sunansa ke cikin rajistar hukumar taimakekeniya, yana da kati ko lamba. An yi shirin ne don marasa ƙarfi: masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da talaka tilis. Guraben kaɗan ne, mazaɓa mai mutum dubu goma sha wani abu za ka tarar 'yan ɗaruruwa ne a ciki. Don haka tambayar farko ga matar da aka caja ita ce: tana cikin rajista? In tana ciki aka karɓi kuɗin kati ko aka tura mijinta kemis sayen abin da ke cikin jerin magungunan shirin, an ci haƙƙinta, domin an riga an biya asibitin a kanta. In ba ta ciki, matsalar ta koma ga yadda aka zaɓi sunaye, kuma nan ake yin ɓarna mai yawa. Ana cika gurabe da 'yan uwa da 'yan siyasa, ko da mutanen da ba su ma san an rubuta su ba, kuɗin kai na shiga duk wata, ba wanda ke zuwa cin moriyarsu. Yanzu da ake neman lambar NIN kafin rajista, matan ƙauye da yawa suna faɗuwa a nan ma.

Akwai kuma abubuwan da kyauta ne ga kowa, da rajista ko babu: allurar riga-kafin yara, gwaji da maganin tarin fuka, gwaji da maganin ƙanjamau. A asibitocin da ke samun tallafin shirin yaƙi da zazzabin cizon sauro, har da kayan gwajin yatsa, maganin zazzabin, gidan sauro da ƙwayar da ake bai wa mai ciki a wurin awo. Abin da ke lalata lamarin shi ne zuba waɗannan a kanta ɗaya da magungunan asusun juyawa, waɗanda ake saya a sayar a sake sayowa. Da zarar sun cakuɗe, mai ba da magani ya samu ƙofar sayar da na kyauta, kuma ba mai iya ganewa. Dole kowanne ya kasance da kantarsa da littafinsa.

In kun shiga sito, ku ɗauki kaya biyar kawai: oksitosin da misofrostol na tsayar da jini bayan haihuwa, magnesiyam salfet na jijjiga, maganin zazzabin yara, da gishirin gudawa da zinc. Kowanne yana da katin sito da ke nuna ranar da ya shigo, yawan da ya fita da ragowa. Ku ƙirga abin da ke kan kanta da hannunku ku gwada da lambar ƙarshe ta katin. Sannan ku buɗe rajistar haihuwa. Idan an karɓi haihuwa 40 a wata, ya kamata a ga aƙalla kwalbar oksitosin 40 ta fita, tunda kowace mai haihuwa ana yi mata guda nan take bayan jariri ya fito. In kati ya nuna sun fita amma mazaje na cewa su suka sayo, kun gano inda ramin yake.

Ku duba inda ake ajiye ta kuma. Oksitosin tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. In ta yi makonni a aljihun tebur cikin zafin Afrilu ƙarfinta ya ragu, a yi wa mace allura jini ya ƙi tsayawa. Wannan ya fi satar kuɗi ciwo, ga shi ba ya fitowa a takardar banki. Firij mai sola da ya mutu saboda batir ko ƙura a kan faranti abu ne da ya kamata ya hau kan tsarin kwata kafin fenti da labule.

Roƙona ɗaya, ku je da mutunci. Asibitoci da yawa ma'aikaci ɗaya ko biyu ne ke riƙe da su dare da rana, sauran 'yan sa-kai ne marasa albashi. Wani kuɗin katin da ake karɓa da shi ake sallamar su. Ba daidai ba ne, amma in ba ku san tushensa ba za ku kori mai taimako ku bar matsalar a zaune.

Ɗan Mazaɓa ya sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri, Malam da Hajiya. To in muka nemi ganin takardun aka ce ba hurumminmu ba ne fa? Shugaban WDC ɗin namu ma ba mu san yadda aka yi ya zama shugaba ba.

Wakilin Zaure ya amsa:

Kada ku fara da incaji, Malam, ku fara da naku. Ku sami mai unguwa ko dagaci ya kira shugaban WDC zaman kwamiti, wanda dama ya kamata a riƙa yi duk wata ana rubuta abin da aka tattauna. A zaman a kawo abu huɗu: takardar banki ta wata shida, tsarin kwata da aka amince da shi, littafin shiga da fitar kuɗi tare da rasiɗai, da adadin mutanen da ke cikin rajista. Ku jera ranakun cire kuɗi kusa da ranakun rasiɗai. Alamun da ke nuna akwai lauje cikin naɗi sanannu ne: a kwashe kuɗin kwata gaba ɗaya washegarin shigowarsu, rasiɗai daga shago ɗaya da rubutun hannu ɗaya, gyaran famfo ɗaya ya fito a kwata uku a jere, ko shugaban WDC ya amsa cewa yana sa hannu a cek tun ba a rubuta adadi ba. Na ƙarshen nan shi ya fi yawa, kuma sau da yawa ba mugunta ba ce, rashin sanin nauyin sa hannun ne. Wani lokacin kuma matsin daga sama yake, a ce kowane asibiti ya mayar da wani kaso na "sa ido" ko ya sayi kaya daga wani ɗan kwangila. Incaji ba zai faɗi wannan a bainar jama'a ba, amma takardar banki za ta nuna inda kuɗin suka nufa.

In an hana ku, sai ku koma ga Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ku rubuta wa shugaban hukumar lafiya matakin farko ta jiha, da wata takardar daban ga hukumar taimakekeniya, tunda kowacce da kuɗin da take saki. Ku ambaci sunan asibiti, mazaɓa, ƙaramar hukuma da watannin da kuke so, ku nemi adadi da ranar da aka tura. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, domin daga ranar ake fara ƙirga kwana 7 da doka ta ba su, kuma suna iya ƙara wasu 7 in bayanan na da yawa. Ba dole ba ne ku faɗi dalilin nema. In sun ƙi ko sun yi shiru, kuna da kwana 30 ku je kotu, kuma akwai tarar naira 500,000 ga wanda aka samu ya hana ba bisa ƙa'ida ba. Da can jihohi na fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, amma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kansu su ma, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo. Kada dai ku nemi sunaye ko bayanan marasa lafiya, nan doka ta ba su damar ƙi. Ku nemi adadi, sannan ku roƙi a kafe jerin masu rajista a asibiti kowa ya duba nasa.

Inda na ɗan saɓa da Malam Mai Lissafi shi ne, kada sauƙin bin waɗannan 'yan dubbai ya sa ku manta da manyan. Ko an kashe 800,000 ɗin nan tsaf bisa gaskiya, ba za su ɗauki ungozoma ba, kuma asibitin da ba ungozoma da daddare ba asibitin haihuwa ba ne. Ɗaukar ma'aikata da biyan su nauyin jiha da ƙaramar hukuma ne. Dokar 2014 ta ce su ma su zuba nasu kashi 25, ga alkawarin Abuja na 2001 na ware wa lafiya kashi 15 na kasafi, ga hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A Kano ma akwai asusun tallafa wa lafiya na jiha, KHETFUND. Abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, don haka ku nemi rahoton aiwatar da kasafi da jihohi ke wallafawa duk wata uku a intanet, ku duba layin hukumar lafiya matakin farko: nawa aka ware, nawa aka kashe zuwa yau. Da wannan lambar za ku tunkari kansila da ɗan majalisar jiha.

Idan kuma kun sami hujjar karkatar da kuɗi a rubuce, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na karɓar ƙorafi, kuma masu bin diddigin ayyuka irin su Tracka da Follow The Money sun saba taya al'umma irin wannan aiki. Ku kai musu kwafi, ainihin takardar mai hatimi ta zauna a hannun mutum ɗaya da kuka amince da shi, sannan kowa a kwamitin ya ɗauki hotonta a wayarsa.