Muhawarar 'Yan Zangon Kumasi: Takardar Mallaka Ce Ta Hana Mu Maganin Sikila?

Maman 'Yan Biyu (Aboabo): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri, yau magana mai nauyi na zo da ita. Tun da sanyin damina ya kama, sikilar Hassana ta motsa. Cikin dare ciwon kan taso mata, ta dunƙule ta rungume gwiwa, tana cizon bakin zane don kada kukanta ya tashi 'yar'uwarta, ni kuwa ina ta gasa mata ƙafa da tsumma da ruwan ɗumi har a kira asuba. Ana cikin haka ƙanena ya gaya mini an samo maganin da ke raba mutum da azabar wannan ciwo, sunansa Casgevy. Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka ta bi baya a Disamba. Na tambayi kuɗinsa, ya ce dala miliyan 2.2 kan mutum ɗaya, kuma kamfanoni sun yi rajistar fasahar da sunansu, ba mai kwaikwaya sai da izininsu. To ni ga inda na tsaya: wannan takardar mallaka ita ce ta shiga tsakanin 'ya'yanmu da lafiya, kuma zalunci ne mutum ya ce shi ke da ƙwayar halittar da Allah ya yi. Mai ja ya ja.

Alhaji Mai Goro (Alabar): Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yarinya lafiya, ya sa kaffara ne. Amma ni zan ja. Mu da muka tsufa a fataucin goro mun san lodi kan ruɓe a hanya, kuma ribar wanda ya isa lafiya ita ke biyan asarar wanda ya lalace. Masu haɗa magani haka suke, galibin abin da suka fara gwadawa ba ya kai labari. In aka ce ranar da mutum ya dace kowa ya zo ya kwafa kyauta, gobe wa zai zuba dukiyarsa? Ai maganin ma ba za a same shi ba, balle a yi kukan tsadarsa.

Malamin Islamiyya (Asawase): Alhaji, a raba zancen biyu. Haƙƙin wanda ya ƙirƙiri abu, malamai sun tabbatar da shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin ƙirƙira da na wallafa dukiya ne da shari'a ke karewa. Wannan babu ja. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce babu mai ɓoye kaya don ya yi tsada face mai saɓo. Abin da ban gane ba, kuma ina so yaranmu na jami'a su warware mini: mene ne ainihin abin da ake mallaka? Halittar ce, ko aikin da aka yi a kanta?

Ɗan Tek: Allah ya gafarta Malam, tambayar nan taka ita ce aka kai gaban Kotun Ƙolin Amurka. Wani masani ɗan asalin Indiya, Ananda Chakrabarty, yana aiki da kamfanin General Electric, ya ɗauki bakteriya irin Pseudomonas ya haɗa mata ƙwayoyin gado har ta iya narkar da ɗanyen man fetur. Ofishin rajista ya hana shi takarda a kan bakteriyar, ya ce abu mai rai ba a mallakarsa. A 1980 alƙalai biyar suka ce a ba shi, huɗu suka ƙi. Hujjar masu rinjaye ita ce babu irin wannan bakteriya a daji ko a teku, hannun mutum ne ya mai da ita haka. Daga baya kuma, a 2013, kotun ta taka wa kamfanin Myriad burki, wanda ya yi rajistar ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da sankaran mama. Ta ce abin da aka tarar a jikin mutum yadda yake, ba ƙirƙira ba ne. Ke nan a dokarsu ma, jinin Hassana ba na kowa ba ne. Almakashin da ake gyara shi da shi, wato fasahar CRISPR da ake yin Casgevy da ita, shi ke da masu shi.

Kuma Yaya, irin waɗannan ƙwayoyi da aka sarrafa sun daɗe da shigowa gidajenmu. Tun 1982 ake sayar da insulin ɗin masu ciwon suga da bakteriyar E. coli ke samarwa bayan an dasa mata ƙwayar gadon mutum. Rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jarirai a awo, yis ne ke yin sinadarinsa. Haka rigakafin R21 na zazzaɓin cizon sauro, wanda Ghana ce ƙasar farko da ta amince da shi a Afrilu 2023. Duk sun bi ta hanyar rajista, kuma sun iso mu.

Maman 'Yan Biyu: Sun iso bayan an binne mutum nawa, ƙanena? Wannan lissafin ne ba kwa yi.

Lauya (Nima, Accra): Hajiya tana da hujja, kada a yi saurin wuce ta. Ni na tashi lokacin da ƙanjamau ke ɗibar mutane, maganin kuma yana nan a Turai a kan sama da dala 10,000 a shekara. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara. Sinadari ɗaya, aiki ɗaya. Wannan tazara ba tsadar haɗawa ba ce, ikon hana kowa shiga kasuwa ne. A shekarar ce aka yi Sanarwar Doha, wadda ta tabbatar cewa ƙasa na iya ba da lasisin dole, wato izinin haɗa magani ko shigo da shi ba da yardar mai takarda ba, saboda lafiyar jama'arta, kuma a 2005 gwamnatinmu ta yi amfani da wannan dama ta shigo da masu sauƙin daga Indiya.

Ga dokarmu kuwa: Dokar Rajistar Ƙirƙira ta 2003, mai lamba 657, tana ba da kariya ta shekara 20, daidai da TRIPS, yarjejeniyar kasuwancin duniya kan haƙƙin ƙirƙira. Ta cire tsirrai da dabbobi, ta cire hanyoyin yi wa jikin mutum magani ko tiyata, amma ta bar ƙananan halittu irin su bakteriya a ciki, don TRIPS ce ta wajabta hakan. Saboda haka amsar Malam ita ce: akuya ba ta rajistuwa a Ghana, bakteriyar da aka sarrafa kuwa tana yi.

Alhaji Mai Goro: To shi ke nan Lauya, tunda ƙofa na nan, gwamnati ta sake bin ta mana. Me ya kawo zagin masu jari?

Anti Nas (Tafo): Nan ne na rabu da ku duka, har da ƙawata. A ce yau an kawo takardun Casgevy an yayyaga su a tsakiyar kasuwar Kejetia, wallahi gobe ba yaron da zai samu. Wannan ba ƙwaya ba ce da za a buga a injin a zuba a kwali. Sai an ɗauki watanni ana yi wa mara lafiya ƙarin jini, sannan a ba shi maganin da zai koro iyayen ƙwayoyin jini daga ɓargo, a haɗa shi da na'ura a tace su, wani lokaci fiye da sau ɗaya. A aika su ɗakin sarrafawa, a datse wani wuri mai kunna ƙwayar gado da ake kira BCL11A, don jiki ya koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Kafin a mayar masa, sai an ba shi busulfan, maganin sankara mai ƙarfi, ya share tsohon ɓargon. Daga nan makonni ne a keɓaɓɓen ɗaki, garkuwar jiki a ƙasa, baki duk gyambo, gashi ya zube, kuma akwai babban haɗarin rasa haihuwa. Kowane mutum nasa daban ake yi masa. 

Abin da ke ci mini rai shi ne, a nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai tun 1995, ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, a asibitin Komfo Anokye. Ana haifar jarirai kusan 15,000 da ciwon duk shekara a ƙasar nan, kimanin biyu cikin ɗari. Ɗigon jini daga dunduniya, penisilin kullum, rigakafi, gidan sauro, da hydroxyurea wanda babu sauran takardar kowa a kansa kuma an sa shi cikin inshorar lafiya: waɗannan su ke tsare rai yau. Amma har yanzu ina ganin uwa ta kawo yaro ɗan shekara huɗu, ido ya yi rawaya, saifa ta kumbura, ba a taɓa gwada shi ba. Wannan wace takarda ce ta jawo?

Maman 'Yan Biyu: Ƙawata, ban musa ba. Tawa tana shan hydroxyurea, kuma na ga sauƙi, alhamdu lillahi. Amma rage ciwo daban, rabuwa da shi daban. Don ba mu da ɗakin yau, sai mu yi shiru a kan farashi?

Ɗan Tek: Kada a yi shiru, Yaya. Indiya ba ta yi shiru ba. Akwai maganin sankaran jini da ake kira CAR-T: a ɗebi sojojin jinin mutum, a yi amfani da bairos da aka kashe wa dafi ya kai musu sabon umarni, a mayar da su su farauci ƙwayoyin sankara. Da Novartis ya fito da nasa, Kymriah, a 2017, dala 475,000 ya sa. Masanan IIT Bombay da asibitin Tata Memorial suka zauna suka gina nasu, NexCAR19, aka amince da shi a Oktoba 2023, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan. Sun yi hakan ne don suna da mutanen da suka iya da ɗakunan da za a yi.

Ni inda hankalina yake shi ne abin da ke tafe. Burin masu bincike yanzu shi ne a daina fitar da ƙwayoyin daga jiki gaba ɗaya, a naɗe almakashin cikin ɗan ƙullin kitse da ido ba ya gani, a yi allura, ya je ya sami ɓargo da kansa. Irin ƙullin da aka yi rigakafin korona na mRNA da shi. Matsalar ita ce yawancinsa hanta yake zarcewa, to duk wanda ya gano yadda zai sa shi ya nufi ɓargo, shi ke riƙe da maganin da zai iya aiki a asibitin gunduma. A 2019 Gidauniyar Gates da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, suka yi alkawarin dala miliyan 200 don irin wannan, kan sikila da ƙanjamau. Kuma tuni aka fara rigima kan ƙullin: a 2022 kamfanonin Arbutus da Genevant suka kai kamfanin Moderna kotu a kansa. In allurar nan ta tabbata, zancen Anti na rashin ɗaki zai ragu sosai, zancen Yaya na takarda kuma ya dawo da ƙarfinsa.

Malamin Islamiyya: Madalla. To a nan nake ganin hukuncin ɓoye kaya zai hau, ranar da abu ya zama mai sauƙin yi amma aka riƙe shi. Ladan mai ƙirƙira halal ne, sai dai bai kai ran mutum ba.

Alhaji Mai Goro: Malam, wa zai yanka ladan? In gwamnati ce, ai mun san yadda take yanka farashi.

Lauya: Ba sai an kai ga haka ba, Alhaji. Mai takarda yana da zaɓi kan yadda zai riƙe ta. Waɗanda suka gano insulin sun miƙa takardarsu ga Jami'ar Toronto a 1923 a kan dala ɗaya kowannensu. Jami'ar Stanford ta riƙe takardar Cohen da Boyer ta dasa ƙwayoyin gado, amma ta buɗe lasisi ga ɗaruruwan kamfanoni maimakon ta ba ɗaya, kuma ta sami kuɗi mai yawa. Jay Keasling na Berkeley ya sarrafa yis ya riƙa fitar da tushen artemisinin na zazzaɓi, aka ba da lasisin ba tare da karɓar kamasho ba, Sanofi ya fara samarwa a 2013. CRISPR kuwa, an shafe shekaru ana shari'a kan mallakarsa tsakanin Cibiyar Broad da ɓangaren Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, har kamfanin Vertex mai Casgevy ya biya kamfanin Editas dala miliyan 50 a tashin farko don lasisi. Duk wannan a kan mara lafiya yake ƙarewa.

Abin da nake so mu gane: masu sikilar duniya, mafi yawansu a Afirka suke. Duk mai son tabbatar da allurarsa, ko ba jima ko ba daɗe zai zo neman masu gwaji da samfurin jini a wurare irin su asibitin Korle Bu da cibiyoyin bincike na Noguchi da KCCR. Lokacin sa sharaɗi ke nan, kafin a miƙa hannu a ɗebi jini. A rubuta farashin da za a sayar mana, a rubuta cewa za a koya wa masananmu yadda ake haɗawa, a rubuta lasisi ga masana'antun nahiyar. Bayan magani ya fito kasuwa, roƙo kawai ya rage.

Anti Nas: Na yarda da sharaɗi. Amma a ƙara da na kusa: kuɗin gwajin jarirai a kowace gunduma. Kuma Malam, ku da kuke ɗaura aure, ku riƙa neman takardar gwajin jini kafin a sa rana. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu.

Malamin Islamiyya: Muna yi a masallacinmu, Hajiya, ko da yake wasu iyayen kan ɗauke ɗaurin auren su kai wani wuri. Zan sake ɗaga maganar a taron limamai.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai ban janye ba. Dala miliyan 2.2 ba farashin da aka yanka da mu a rai ba ne. Lauya, wannan sharaɗin da kake faɗa, wa ke sa hannu a kansa a madadinmu, kuma uwa irina tana da ikon ganinsa?

Lauya: Hukumar abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ce ke ba da izinin gwaji, tare da kwamitocin ɗa'a na cibiyar da za a yi shi. Takardar amincewa kuwa haƙƙinki ce, dole a bayyana miki ita da harshen da kike ji kafin ki sa hannu, kuma kina iya ƙi. Amma maganar farashi da lasisi tana cikin yarjejeniya tsakanin kamfani da cibiya ko ma'aikata, ita ce ba a saba nuna wa iyaye ba. Ƙungiyoyin masu sikila su rubuta wa ɗan majalisar Asawase da kwamitin lafiya na majalisa su nemi a bayyana ta. In kun tara sunaye, ni zan tsara wasiƙar.