Fari da tamowar yara a Malawi: abin da muka gani da idanunmu

Malamar jinya

Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda ya taɓa zama ko aiki a Malawi a shekarun fari ya faɗi abin da ya gani, domin rahotannin da ake bugawa suna kawo alƙaluma, amma ba sa nuna yadda yunwa ke shiga gida. Ni na yi aiki a kudancin ƙasar, a ɗakin kwantar da yara masu tamowa, a daminar 2015 zuwa 2016, lokacin da yanayin El Nino ya hana ruwa sauka kan kari, alhali mutane ba su gama farfaɗowa daga ambaliyar Janairun 2015 ba. A watan Afrilun 2016 Shugaba Peter Mutharika ya ayyana dokar ta-ɓaci kan bala'in, daga baya aka ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 6.5 na buƙatar agajin abinci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran da ake kawowa a kumbure. Uwa takan zo tana cewa tari ne ko zawo ya kawo su, ba ta ma ambaci abinci ba, saboda a ganinta yaron bai rame ba. Sai mu danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu, mu ɗan jira, mu ɗaga, ramin ya zauna bai cike ba. Gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, fatar cinyarsa tana saɓulewa, ba ya kuka kuma ba ya wasa. Irin wannan yaro ba a cika masa ciki nan take, domin jikinsa ba zai ɗauka ba. Madarar magani mai suna F-75 ake fara ba shi kaɗan-kaɗan dare da rana, a lulluɓe shi saboda sanyi, sai kumburin ya fara saɓewa sannan a ƙara masa ƙarfin abinci. Tambayata ita ce: a wane lokaci kuka ga yunwar ta fara, kuma me kuka ga ya ceci yara da gaske?

Malamin gona

Wa alaikumus salam, Malama. Yaron da kika karɓa a Fabrairu, tun shekarar da ta gabata yunwarsa ta fara, kuma a gona ta fara. Na yi aiki da ƙananan manoma a can a 2023 da 2024. Ruwan sama sau ɗaya yake zuwa a shekara, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, kuma kusan kowane gida rayuwarsa ta rataya ne kan masara, wadda da garinta ake tuƙa nsima, abincin yau da kullum. Masara kuwa ba ta jure ƙishi a lokacin da take shirin goyo. Idan ruwa ya ɗauke na makonni a Janairu ko Fabrairu, za ka ga gona tsaye da kara, amma idan ka ɓare goyon sai ka tarar da 'yan ƙwayoyi jefi-jefi. Haka aka yi a farkon 2024, har Shugaba Lazarus Chakwera ya ayyana bala'i a gundumomi 23 daga cikin 28 a watan Maris. Kafin nan guguwar Freddy ta riga ta share gonaki a kudu a Maris ɗin 2023, sannan a Nuwamban shekarar aka karya darajar kwacha, kuɗin ƙasar, da kashi 44 cikin ɗari, farashin takin zamani ya tashi ana dab da shuka.

Akwai wani tarko da nake son a fahimta. Magidanci yakan sayar da wani ɓangare na masararsa da kaka, lokacin da take da arha, don biyan bashi da kuɗin magani, sannan ya dawo yana sayenta da tsada idan rumbu ya ƙare. Kuɗin sayen kuma daga ƙodago yake samu, wanda suke kira ganyu, wato ya tafi noma a gonar wani a biya shi da 'yan kuɗi ko ɗan gari. Wannan ƙodago yana faɗowa ne daidai lokacin da tasa gonar ke buƙatar noma, saboda haka ciyawa ta cinye ta, girbin baɗi ya ragu tun kafin a san yadda damina za ta kasance. A ra'ayina, tallafin taki da irin masara da gwamnati ta fara tun 2005 ya ƙara yawan amfanin gona a shekarun da ruwa ya wadata, amma ya ƙara ɗaure manoma ga amfani guda ɗaya wanda fari ke fara kayarwa.

Malamin makaranta

Ni a yankin Machinga na koyar, kuma a aji nake gane gidan da tukunya ta daina hawa wuta da safe. Yaro yakan kifa kai kan benci kafin hantsi, ko ya daina zuwa gaba ɗaya saboda ya bi mahaifiyarsa ƙodago. Na ga ana dafa ɗanyen mangwaro a ci a matsayin abincin dare, na kuma ga ana sayen dusar masara a tuƙa. A makarantun da ake dama kunun masara da waken soya kuwa, yara ba sa fashi, har wasu kan rage a kofi su kai wa ƙannensu. Abin da ke damuna shi ne, ƙannen nan 'yan ƙasa da shekara biyu su ne suka fi shiga haɗari, kuma kunun makaranta ba ya isa gare su.

Ma'aikaciyar lafiya ta karkara

Yaya Malama, ni daga wajen asibiti zan ba da tawa shaidar, domin yawancin yaran ba a kwantar da su. A gundumomin Nsanje da Chikwawa, a kwarin kogin Shire, muna bin ƙauyuka tare da ma'aikatan lafiya na gwamnati muna auna damtsen yara da ɗan tef mai launi uku. Wanda awonsa ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, tamowarsa mai tsanani ce. Idan yana iya cin abinci kuma ba shi da wata cuta mai nauyi, sai a ba uwar ƙunshin markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai haɗe da madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki, wadda mutanen can ke kira chiponde, ta tafi gida ta dawo a sake awo. Na ga amfaninta da idona: yaron da ba ya iya zama da kansa, cikin 'yan makonni ya koma rarrafe yana jan zanen uwarsa.

Amma ana yawan zargin iyaye mata da raba wannan abinci ga sauran yara, kuma ina ganin zargin bai yi musu adalci ba. Na zauna a tsakar gida inda uwa ta yage ƙunshi tana ba ƙaramin, yayyensa uku suna tsugune suna kallon hannunta, kuma tun jiya abin da suka ci shi ne saiwar bado da mahaifinsu ya tono a fadama, inda kada ke kama mutane. Wace uwa ce za ta iya kau da kai? Inda aka haɗa maganin yaron da rabon hatsi ko tallafin kuɗi ga gidan gaba ɗaya, yara sun fi saurin cikowa, kuma ba mu cika sake ganin su a layin awo ba. Inda aka ba yaro shi kaɗai, sau da yawa yakan warke, a sallame shi, ya sake dawowa kafin girbi.

Mai kula da rumbun agaji

Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai isar da hatsin ma aiki ne babba. Malawi ba ta da gaɓar teku, don haka kayan da aka sayo daga nesa sai sun biyo ta tashoshin Beira ko Nacala a Mozambik, ko Dar es Salaam a Tanzaniya. Idan alƙawarin kuɗi ya makara, kayan kan iso ne bayan ruwa ya sauka, lokacin da hanyoyin ƙauye suka zama taɓo, manyan motoci su maƙale, a koma sauke buhuna a bakin kwalta. A 2016 kuma maƙwabta irin su Zimbabuwe da Mozambik suna cikin farin su ma, kowa na neman masarar saye a kasuwa ɗaya.

Malamar jinya

Na gode muku. Zan ƙara da cewa binciken lafiya na ƙasa na 2015 zuwa 2016 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma wannan ba na shekarar fari kaɗai ba ne. Malamin gona, shin noman rani yana rage wa gidaje wannan wahala?

Malamin gona

Yana ragewa, Malama, ga wanda yake da fili kusa da ruwa. Na ga gidaje a bakin rafi suna ɗaga ruwa da famfon da ake takawa da ƙafa, suna samun ɗanyar masara da wake da ganye a watannin da rumbun maƙwabtansu ya ƙare, wasu kuma sun haɗa da rogo da dankali waɗanda suka fi jure ƙishi. Sai dai irin waɗannan filaye kaɗan ne, kuma a shekarar da fari ya yi tsanani ƙananan rafukan kan ƙafe tun kafin shukar ta nuna.