Ɗiyan kajina sun ƙi kwana cikin akurki, mi za ni yi?

Maman Hadiza, Tawa:
Salamu alaikum jama'a, ina wuninku. Don Allah masu kiwo ku taimake ni da shawara don ni dai na gaji. Sati ukku ke nan na sawo ɗiyan kaji tara kasuwar Lahadi, irin namu na gida ne ba na turawa ba, za su yi wata biyu da rabi haka, sun yi gashi sarai. Maigida ya sa anka gina mini akurkin laka tun bara bayan wurin girki, rufin tol, ƙofa guda ƙarama. Akwai manyan kaji biyu da zakara ciki, su da an kira magariba sun shige da kansu ba mai ce musu komi. Amma waɗanga ƙanana kullum sai mun yi tsere, huɗu su haye bedi, sauran su dunƙule bayan randa ko cikin iccen girki, ni da yara muna bin su da tocilan waya har isha'i, shekaranjiya autana ya hau bedin ya yage wandon lakwal. Daren jiya kuma mussa ta ɗauke guda, gashi kawai munka iske bakin katanga. Saura takwas. Mi za ni yi?

Ɗan Ader:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba su san nan ne gidansu ba shi ya sa. Kaza inda ta saba kwana nan take komawa, ke kuwa kin sake su tun ranar da kinka kawo su sai sunka zaɓi bedi. Ki kulle su ciki kwana biyar ko sati guda da ruwa da abinci, kar su hita ko sau ɗaya, ranar da za ki sake su kuma ki bari sai bayan la'asar don kar su yi nisa. Shi ke nan.

Baban Yara, Yamai:
Ɗana, maganarka gaskiya ce amma ka manta watan da muke ciki. Watan huɗu ne fa, a Tawa, zafi ya wuce 40, ka ce a kulle ƴan tsaki takwas da rana tsaka cikin ɗakin laka mai rufin tol da ƙofa guda? Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi, in iska ba ta ratsawa kafin azahar an yi hasara. Ni na taɓa yi, shida na kwashe rana ɗaya, har yau uwar gida tana mini gori.

Ƴata, kafin kulle ki fara duba ɗakin. Ki sa hannunki ciki da magariba, laka da tol suna riƙe zafin wuni, in ke kin ji kamar tanda to su ma haka suke ji. A huda taga biyu can sama suna kallon juna, a sa giriyaji mai ƙananan ido, a ɗora zana ko karan hatsi bisa tol ɗin. In da hali a kewaye gaban ƙofar da giriyaji ƙarƙashin inuwa, su wuni nan su kwana ciki, wannan shi ne kullen da ya dace da bazara.

Sai abin da na fi zargi. Akwai wata kaska ta kaji, shimfiɗaɗɗiya kamar kuɗin cizo, da rana ba za ki gan ta ba tana cikin tsagar bango da ramin icce, sai dare take fitowa ta sha jini ta koma. Manya sun saba suna daurewa, ƙanana kuwa gudu suke. Ki je da tocila bayan isha'i ki haska bango, ki ɗaga fiffiken ɗaya ki duba ƙasansa, in kin ga ƴan baƙaƙen ɗigo sun liƙe to ita ce. A share, a yaɓe duk wata tsaga, a zuba toka inda suke birgima, maganin feshi kuma ki tambayi likitan dabbobi, kar ki sayi na tebur ki fesa kan kaji.

Inna Mai Zabi:
Ni abin da nake yi sauƙi gare shi, da marece ba ni ba su komi sai rana ta kusa faɗuwa, in zuba hatsi cikin gwangwanin tumatir in kaɗa ina kur kur kur, in watsa kaɗan bakin ƙofa sauran can ciki. Kwana ukku sun gane ƙarar, yanzu ko gwangwanin na taɓa bisa kuskure sai ki gansu sun taho da gudu har zabin da ba su jin magana. Kuma ki rataya ƴar fitila mai sola ciki, kaji ba su gani da duhu, waje da sauran haske ciki kuma baƙi ƙirin ai ba za su shiga ba. In sun shige ki kashe. Ki lura da manyan nan ma, wata kazar tsayawa take bakin ƙofa kamar jandarma duk wanda ya leƙo ta sare shi. Tun da suna son hawa, gitta musu sanda tasu daban, kamar kamu ɗaya daga ƙasa, nesa da ta manya. Kuma ki daina kora da yara, kora tana ƙara musu tsoron wurin, bari duhu ya yi su natsu sannan ki ɗauke su da hannu.

Ɗan Ader:
Baba na karɓi gyara, ni lokacin ɗari na yi nawa.

Maman Hadiza, Tawa:
Jama'a na dawo, Allah shi saka da alheri. Baba wallahi kamar kana wurin, na haska bango da dare sai da jikina ya yi yar, ga su nan suna hitowa cikin tsaga layi layi. Mun kwashe kajin duka mun kihe su da babban kwando kwana huɗu, anka yaɓe, anka huda taga, likitan dabbobi ya ba mu magani. Inna gwangwaninki ma ya yi aiki, jiya bakwai sun shiga da ƙahwahunsu. Saura wani ɗan zakara ja mai taurin kai, shi har yanzu bedi, kullum sai maigida ya dawo masallaci ya sa sanda ya sauko da shi yana cewa wanga ba ya kai salla.