Tsoro Suna Ya Tara

Ɗan Kawo:
Salamu alaikum iyayena, na zo da tambaya,
Tsoro da fargaba da razana, shin duk abu ne ɗaya?
Na ji Inna tana cewa cikinta ya ɗuri ruwa jiya,
Wane ruwa ne wannan? Ku warware mini gaskiya.

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salamu ɗana, matso kusa ka jiya,
Tsoro ne uban gida, sauran 'ya'yansa ne gaba ɗaya.
Fargaba kan riga abin zuwa, ta kwana a zuciya,
Ka hau mota a tashar Kawo, ba ka san me ke kan hanya.
Firgita farat ɗaya take, kamar an ƙwala kira ta baya,
Ka tashi firgigit, ka yi a'uzu, ka koma barci lafiya.
Razana ta fi ta nauyi, ƙafa kan kasa tafiya,
Ruwan cikin Inna kuwa, hanji ne ya ji labari ya juya.

Direban Birnin Gwari:
Allah gafarta Malam, ni a sitiyari na koya,
Na ga ido ya raina fata, ƙato yana kuka ba kunya.
Da muka hango itace a gicciye a tsakiyar hanya,
Ƙafa me na ci ban ba ki ba, kowa ya watsar da kaya.

Goggo ta Rigasa:
Malam, ka yi bayani, amma ka bar guda a baya,
Ɗimuwa ake ce mata, ni na san ta ido da ido, ba ƙarya.
Daren Litinin, 28 ga Maris, 2022, ina kan miya,
Aka ce an tare jirgin ƙasan Abuja, 'yan bindiga sun fasa hanya.
Autana ya ce a jirgin zai taho, na kira, wayarsa ba ta shiga ko ɗaya,
Gabana ya faɗi, hantata ta kaɗa, ludayi ya suɓuce cikin tukunya.
Na fita ba mayafi, takalmina wari ɗaya,
Maƙwabciya na kiran sunana, ni ban gane ta ba, sai na waiwaya.
Fargaba tana barin ka da hankalinka, ka yi addu'a, ka yi juriya,
Ɗimuwa kuwa ta ɗauke shi, har ƙofar gidanka sai an nuna maka hanya.

Ɗan Kawo:
Goggo, tsikar jikina ta tashi, ina autan? Yana lafiya?

Goggo ta Rigasa:
Jirgin ya tashi ya bar shi, ɗana, sai da asuba ya bugo waya.
Na yi sujada, na tuna iyayen da nasu aka kora daji a tafiya.
Har yau in jirgi ya yi kuka a tashar Rigasa, ina tsakar gida ko ina miya,
Ƙirjina kan buga uku-uku, sai na zauna, na dafe zuciya.